Abin da na'urar auna zurfi ta koya mini a Tiga

Farfela biyu na kashe wa injin jirgin ruwanmu a rani ɗaya. Ta farko a kan dutse, ta biyu a kan wani tudun yashi da zan iya rantsuwa watan jiya ba ya wurin. Yana nan, ruwa ne ya lulluɓe shi. Wanda bai san dam ɗin Tiga ba gani yake ruwan a tsaye yake kamar na randa, alhali daga kaka zuwa bazara kullum sauka yake yi, domin ana sakinsa zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, rana kuma tana shan nata. Hanyar da ka bi lafiya lau a Disamba, a Afrilu sai ta karya maka ƙafar inji.

Baba bai taɓa yin irin wannan asara ba. Shi da gora yake tuƙi, kuma ya san ƙasan ruwan nan tun yana tudu, don ya yi kiwo a cikinsa kafin a gama dam ɗin a 1974. Amma idonsa ya yi rauni, jirgi ya dawo hannuna, ni kuma inji na sani. Da na koka wa wani ɗan'uwanmu da ke gyaran waya a Kano, shi ne ya yi mini odar na'urar auna zurfin ruwa mai aiki da wayar hannu, kuɗinta kusan na farfela biyun da na yi asara.

Kayan ba su da yawa. Akwai wani ɗan baƙin abu kamar sabulun wanka wanda ake nutsawa a ruwa, mu "ido" muke ce masa. Akwai ɗan akwati da ake haɗa shi da batir mai bolt 12, shi ke tura lamba zuwa wayar hannu ta Bluetooth. A gaskiya ma kunne ya kamata a ce wa idon nan. Sauti yake harbawa ƙasa, mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, ya saurari dawowarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, don haka daga lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo take lissafa zurfi. Ka saita mata iyaka biyu: in ruwa ya gaza kaza ta yi ƙara, in ya wuce kaza ma ta yi ƙara.

Wautata ta farko a YouTube na ɗebo ta. Na ga wani Bature ya manna idon a cikin jirgi, a kan daɓe, ba tare da ya taɓa ruwa ba. Ni ma na sayi gam na manna. Shiru. Kwana biyu ina zagin na'ura kafin na gane jirgin Baturen na faiba ne, sauti yana ratsa shi, namu kuwa katako ne, iskar da ke cikin katako tana shanye sautin. Da wuƙa na ɓamɓare shi, gabana na faɗuwa kar in fasa.

Sai na ɗaure shi a bayan jirgi, gefen inji. A tsaye yana aiki tsaf. Da na ba da wuta sai lambar ta haukace, 2, 14, layi-layi, 0.4. Kumfa ce. Duk iskar da jirgi ya tura ƙarƙashinsa a baya take fitowa, idon kuma ba ya ji ta cikin kumfa. Ga kuma abin da ban yi tunaninsa ba sai da Baba ya faɗa yana zaune a kan tabarma yana ɗinkin koma: "To kai yanzu abin naka a baya yake, labarin inda ka riga ka wuce zai riƙa ba ka ke nan?"

Na kai wa mai walda guntun bututun ƙarfe, ya yi mini maƙali da noti biyu. Na ɗaure shi a gefen jirgi wajen gaba, idon ya zarce ƙasan jirgi da kamar yatsa uku, fuskarsa na kallon ƙasa sak. Wannan sak ɗin yana da muhimmanci, don in ya karkace sautin zai tafi a kaikaice ya ba ka zurfin da ya fi na gaskiya. Batirin babur na saka a cikin bokitin fenti mai murfi, da fis a kan jar waya. Duk kwana biyu nake kai shi wurin mai cajin sola.

Ranar gwaji na ga 6 a waya, na ce wa Baba mita shida ne a nan. Bai ce komai ba, ya zura gora, ta taɓa ƙasa, ya zaro ya gwada da hannuwa. Gaba guda cif, wato tsawon hannuwa biyu a buɗe. Ashe a ƙafa take lissafi, ƙafa 6 kuwa mita 1.8 ne. Na sauya ta zuwa mita ina jin kunya. Tun daga ranar duk sati sai na gwada ta da igiya mai dutse a wuri biyu ko uku.

Inda na fi shan wahala shi ne saitin ƙarar. Na'urar daga fuskar idon take awo, ba ta san ƙafar injina ta fi idon nutsewa ba. Na auna da sanda, bambancin kusan santimita 30 ne, na shigar da shi a manhajar yadda lambar da nake gani za ta zama ruwan da ya rage a ƙarƙashin farfela. Sannan saboda tsoro na saita ƙarar tudu a mita 2. Rabin hanyarmu ta zuwa kasuwa kuwa bai kai haka ba a bazara. Wayar ta yi ta tsuwa ba ƙaƙƙautawa, har wata tsohuwa mai buhun masara ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka amsa wayar nan ko ka kashe, ta ishe mu." Na kashe. Ba mu yi minti goma ba na ji gur a ƙarƙashi. Allah Ya taimaka a hankali muke tafiya, fin ɗin farfela kawai ya tsinke, kuma ina da wani a aljihu.

Yanzu a santimita 80 nake barin ta, in kuwa jirgi ya yi lodi na ɗaga zuwa mita 1, duk da cewa jirgi mai nauyi da idon suna nutsewa tare, saboda mai nauyi ba ya tsayawa da wuri. Lissafin da ya natsar da ni shi ne wannan: in kana gudun kilomita 10 a awa, kusan mita 3 kake ci a daƙiƙa. Kafin ka ji ƙara ka sassauta, ka ci tsawon jirgi. A inda ƙasa ke tasowa sannu a hankali tana cetonka. A inda dutse ya miƙe tsaye kamar katanga, ƙararta da bugun tare za ka ji su. Kututture ma haka. A zurfin mita 2 abin da take dubawa bai wuce faɗin babban daro ba, in kututturen yana taku ɗaya a gefe ba ta san da shi ba. Ciyawa kuma ruɗa ta take yi, ta ɗauki kan ciyawa a matsayin ƙasa.

Abu ɗaya da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunta. Rannan waya ta yi zafi a cikin ledar da na ƙulle ta, haɗin ya katse, ba lamba ba ƙara, ni kuwa ina ta tafiya ina ganin ruwa ne mai zurfi. Yanzu tsohuwar waya marar layi na keɓe mata, tana cikin inuwar benci, in lamba ta daina motsi na san da matsala. Masu cewa tunda na sa na'ura sai in ƙara fasinja kuwa, Bagwai nake tuna musu, inda kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari a ƙarshen Nuwamban 2021 da ɗaliban Islamiyya a ciki. Lodi ba ruwansa da zurfi.

Ƙarar zurfi da na raina ita ta fi biyana. Na saita ta a mita 7, da ta yi kuka na san na hau kan tsohon kwarin Kogin Kano da dam ya binne. A gefen gangaren nan nake zuba kalli, kuma tarwaɗa da ragon ruwa da nake samu sun fi na da. Da dare ma in na jefa dutse na tsaya, iska ta ja jirgi zuwa tsakiya, ita ke tada ni.

Wannan kwarin ne ya sa Baba ya fara kula ta. Wata safiya ya zauna a gaba, yana duban duwatsun Rurum yana nuna mini hanya da hannu. "Yi dama. Nan rafi ne, za ka ga ya faɗa." Lamba ta tashi daga 4 zuwa 9. "Miƙe, akwai jigawa a gaba, a nan muke ɗaure awaki." Ta dawo 3. Sau biyar yana faɗa, sau huɗu tana gaskata shi, na biyar ɗin ya ce laka ce ta cike wurin, na'urar ba ta san tarihi ba.

Da muka juyo sai ya ce in kashe inji. Ya karɓi filafili ya tuƙa da kansa, yana daidaita wani dutse da wata kuka da ke can gaɓa, har ya tsaya a inda babu komai sai ruwa.

"Duba abin naka. Nawa ne a nan?"

Na ce mita 5.4, Baba.

Ya yi lissafi da yatsu. "Gaba uku," in ji shi. "Rumbun kakanka a nan yake."

Muka ɗan zauna jirgi na lilo, sannan ya miƙo mini filafilin ya ce in tada inji, rana ta yi.