Talata: zaman sola a ƙofar dagaci

Bayan la'asar aka zauna kan tashar sola da za a kafa mana, a nan gefen Ringim. Babu wanda ya ce ba ya son wuta. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, masu janareta sun ji jiki. Rigimar a kan fili take, da kuɗin mita, da wanda za a ce shi ya kawo.

Tashar kilowat 100 ba ta cin rabin hekta, amma inda aka auna ya haɗa da bakin burtali, ga kuma shingen waya da za a zagaye. Ardo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina shanu za su gangara rafi?" Masu gonakin gefe kuma sun san abin da Dokar Filaye ta 1978 ta tanada: diyyar amfanin gona da gini da bishiyoyi ake biya, ba kuɗin ƙasar ba. A ganina suna da gaskiya su nemi a rubuta komai kafin a kafa turke ko ɗaya.

Masu injin niƙa ne suka fi ɗaga murya, don sun ji yadda ta kaya a wasu garuruwan. Dalilin a fili yake. Injin lantarki idan zai tashi yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana aiki. In uku suka tashi tare da magariba, batir kaɗai ke ɗauke da gari, sai inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda ake amfani da ita a gida, ta yanke. Maganin shi ne a sa wa kowane inji na'urar tayarwa a hankali, a yi niƙa daga hantsi zuwa azahar. Ga ƙurar hunturu kuma: in ba a wanke faifan solar duk mako ba, batir ba zai cika ba, mutane su ce an yaudare su.

Sauran duk siyasa ce. Kansila yana son turakun farko su bi unguwarsu, 'yan adawa suka ce to kada kowa ya sayi mita. Dagaci ya ɗage zaman zuwa Juma'a, ya ce a zo da taswirar turaku da farashin yunit a rubuce, a kuma sake awon filin tare da Ardo.