Tuƙin da na yi a Kano ba ya cikin lissafi

Ni da na koyi mota a tsakiyar 'yan adaidaita sahu da masu kura a Ƙofar Wambai, ni da nake kai Baba asibiti Zariya in dawo da shi a yini ɗaya ban taɓa goge wa kowa fenti ba, wai ni ne a Bradford ta Ingila aka jera da yaron da ya karɓi lasisi jiya wajen kuɗin inshorar mota. Har yau abin yana ci mini rai.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, daga wannan gida zuwa wancan, kuma bas ba za ta kai ka a kan lokaci ba. Dole na sayi 'yar tsohuwar mota. Lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi maka a nan, ba a musanya shi, sai ka zauna jarrabawarsu daga farko. Na haƙura, na zauna, na ci. Da na zo cike fom ɗin inshora sai ga tambaya: shekara nawa ka yi ba ka nemi diyya ba? A kan wannan ake yin rangwame mai tsoka. Na kira kamfanin inshorar na yi bayani tiryan-tiryan. Matar ta saurare ni da ladabi, ta ce takarda suke so, kuma ko na kawo, ta Najeriya ba ta cikin waɗanda suke karɓa. Kuɗin da suka yanka mini na shekara ya haura abin da na sayi motar. Uwargida tana gefe tana goyon yaro, ta ce, "Maigida, to mu sayar da motar mu hau inshorar mana." Ban yi dariya ba.

A gida ai kowa ya san inshora takarda ce ta nuna wa jami'i a shingen hanya. Naira 5,000 ce, sai a 2023 hukumar inshora ta NAICOM ta mayar da ita 15,000. Idan an yi karo a fito, jama'a su taru, a ba da haƙuri, a wuce wajen mai gyara a raba kuɗi. Nan kuwa kyamara ce ke karanta lambar mota. Aka kama ka babu inshora, tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, su ɗauke motar. Wanda bai cika shekara 2 da lasisi ba, maki 6 ɗin nan sun isa a soke shi.

Ana cikin haka wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce yana da hanya, rabin kuɗi. Saura kaɗan mutane su afka. Wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, wanda ya daɗe a ƙasar nan, ya riƙe hannuna a bakin masallaci ya ce, "Ɗana, irin waɗannan takardar bogi suke ba ka, ko su cike ƙarya da sunanka. Ranar da ka buga mota za ka gane ba ka da komai." Shi ya zaunar da ni ya koya mini. Kada in jira ranar sabuntawa, in fara neman farashi saura kamar mako uku. In duba shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com da MoneySuperMarket, ba guda ɗaya ba. In gwada cikakkiyar inshora, domin sau da yawa ta fi mai biyan wanda ka buga kaɗai araha, abin da har yanzu hankalina bai ɗauka ba. Kuma in faɗa musu gaskiya cewa da motar nake zagayen aiki, ko da farashin zai ɗan ɗaga.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne biyan shekara gaba ɗaya. Biyan wata-wata bashi ne da kuɗin ruwa a ciki. Sai muka kafa adashi da abokan aiki, kowa ya ɗauki kwasarsa a watan da inshorarsa ke ƙarewa. Mun tsira daga riba, mun kuma rage kuɗi. Ranar da na biya tawa a dunƙule, wallahi da ƙafa ɗaya na riƙa tafiya don alfahari.

Amma akwai abin da dabara ba ta gyarawa: unguwar da kake. Lambar unguwa kaɗai tana ɗaga farashi. A 2022 ƙungiyar Citizens Advice mai ba jama'a shawara ta fitar da rahoto cewa mazauna unguwannin da baƙaƙen fata da 'yan Asiya suka fi yawa suna biyan ƙarin kusan fam 280 a shekara. To ina za mu koma? Nan ne masallaci, nan ne mai naman halal.

Inshorar kayan gida ba ta ba ni wahala ba. Gini na mai gidan haya ne, namu kayan ciki. Uwargida ce ta matsa saboda gwal ɗinta na aure, aka rubuta shi daban. Ina cikewa ina tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, lokacin da shagon Kawu ya ƙone ƙurmus. Ba shi da takardar kowa. 'Yan'uwa da abokan kasuwa ne suka yi ta zuwa jaje, kowa da abin da ya sawwaƙa, har ya sake tsayawa da ƙafarsa. Maƙwabcina na nan kuwa ko sunana bai sani ba, sai ɗaga hannu in mun haɗu wajen fitar da shara.

Da na yi wa Hajiya bayani a waya, shiru ta yi, sannan ta ce, "Yanzu kai kuɗin hatsarin da bai faru ba kake biya? Allah ya tsare, ka riƙa addu'ar hawa mota dai." Na ce ina yi, Hajiya. Ƙanina kuma tunda ya ga hoton motar ya ɗauka na haye, kullum saƙonsa injin tasa ya buga. Rarar da na samu bana ko ɗumin aljihuna ba ta ji ba. Bikin autarmu bayan Sallah ne, kuma ni aka bar wa gado da katifa da kujeru.