Randa Cikin Randa: Inda Aikinmu Ya Kai

'Yan uwa da muke koyon wannan zama tare, ga inda aka kwana game da randarmu ta sanyaya kayan lambu. Tun da muka tare a karkara muka rabu da wutar lantarki, rashin talabijin bai dame mu ba sosai, fitilar ƙwai ma yara sun saba da ita da wuri. Firji ne ya bar mana giɓi. Tumatirin da aka tsinko yau, kafin jibi ya fara laushi, ganye kuwa ko la'asar ba ya kaiwa sai ya yi yaushi. Shi ya sa na duƙufa a kan wannan aiki.

Haɗin ba shi da wuya. Randa biyu ake nema, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar har sai bakin ƙaramar ya yi daidai da nata idan an zaunar da ita, sannan a cike tsakaninsu da yashi, tazarar kamar yatsu biyu zuwa uku. A jiƙa yashin sharkaf, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar tsohuwa ce, amma wani malami ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, shi ne ya yaɗa ta a shekarun 1990, har ta sa ya sami lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Abu biyu ne ba a sassauta musu. Babbar randa ta zama ta ƙasa zalla, ba fenti ba siminti, don ta riƙa tsatsafo da ruwa ta jikinta. Yashin kuma ya zama mai gari-gari, an wanke shi an fitar da turɓaya, don turɓaya tana zama laka ta toshe ƙofofin da ruwan ke bi.

Sai da na fahimci dalilin sanyin na daina yi wa randar kallon firjin talaka. Yadda zufa ke sanyaya jiki idan iska ta kaɗa, haka take aiki. Duk lita ɗaya ta ruwa da ta bushe ta bi iska, tana tafiya da zafi kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), kuma daga jikin randa da abin da ke cikinta take zuƙo shi. Ke nan iska ce mai aikin, kuma sai busasshiya. Idan zafin gari ya kai digiri 40 kuma danshin iska kashi 20 ne cikin ɗari, iyakar inda bushewar ruwa za ta iya saukar da shi wajen digiri 22 ne. Amma a digiri 30 da danshi kashi 80, ba zai wuce 27 ba. Ita randar ma ba ta cika kaiwa wannan iyaka ba, sai dai ta matso kusa.

Na gwada ta a lungun ɗaki, na kuma gwada ta a inuwar rumfa inda iska ke ratsawa. Bambancin ko da hannu ana jin sa. Yanzu tana rumfa, a kan duwatsu, don iska ta bi har ta ƙarƙashinta. Da tsakar rana idan na ɗaga buhun na zura hannu, wani sanyi mai danshi nake ji yana hawa tsintsiyar hannuna, barkonon kuma fatarsa a miƙe, ba tamoji. A ganina wannan danshin ya fi sanyin kansa amfani ga ganye, tunda rasa ruwa ne ke sa shi yaushi.

Tumatir, barkono, karas, kokwamba da kabeji duk suna jin daɗin ciki. Albasa da tafarnuwa kuwa busasshen wuri suke so, danshi tsiro da ruɓa yake sa su. Nunannen tumatir da ayaba suna fitar da wata iska da ake kira etilin, mai sa ganye ya yi rawaya da wuri, don haka ina raba su. Wanda ya fashe ko ya ƙuje ba ya shiga, tukunya yake zarcewa. Ina roƙonku, kada ku sa ɗanyen nama ko madara ku ce kun adana. Firji yana riƙe su ne ƙasa da digiri 5, ƙwayoyin cuta kuma tsakanin 5 da 60 suke hayayyafa. Randa ba za ta taɓa sauka can ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne yadda ta shiga tsarin gidan. Safe da yamma sai an shayar da ita, kuma autarmu ce ta karɓi aikin da kanta. Takan dangwala yatsa a cikin yashin, in bai manne mata ba ta ɗauko moɗa, ta zagaya bakin a hankali don kada ruwa ya faɗa cikin ƙaramar. Jiya na ji tana ce wa yayanta, "Yaya, kar ka bar ta a buɗe, sanyin zai gudu." Maigida kuma ya daina tsinko kayan lambu da yawa lokaci guda, sai iya abin da randa za ta ɗauka. Girki ma daidai ci nake yi yanzu, tunda babu inda za a ajiye saura.

Matsalar da nake fama da ita yanzu wani farin gishiri-gishiri ne da ke fitowa a jikin babbar randar. Ruwan rijiya ne ke barin sa idan ya bushe, yana kuma rage tsatsafowar. Ina goge shi da burushi mai tauri da ruwa zalla, ba sabulu. Ƙaramar kuwa nakan kwashe kayan in wanke ta in shanya a rana lokaci-lokaci saboda fumfuna. Idan damina ta kankama iska ta cika da danshi, aikin randar zai ragu ƙwarai, don haka na fara yanka rarar tumatir da barkono ina shanyawa tun yanzu da rana ke da ƙarfi. Zan kuma tara ruwan sama na farko in koma shayar da yashin da shi, in ga ko farin zai daina fitowa.