Keken lantarki da iyakar gudunsa, kamar yadda nake gani a shagona

Da gyaran keke na fara sana'a a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ina facin taya da gyaran birki. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata suka shiga neman abin hawan da ba ya shan mai, ni kuma na koma sayar da keken lantarki da gyaransa, tare da yara biyu da ke koyon aiki a hannuna.

Kayan da nake sarowa daga Kano yawancinsu ƙirar Sin ne, shi ya sa na matsa wa kaina sai na san yadda masu ƙera su suka rarraba su. Ƙa'idar da Sin ta yi aiki da ita daga 2019 zuwa 2025 ta ce abin da za a kira keken lantarki kada gudunsa ya wuce kilomita 25 a awa, kada ƙarfin injinsa ya haura wat 400, kada nauyinsa haɗe da batir ya zarce kilo 55, kuma duk wanda ya tsallake wannan iyaka ya koma rukunin babur. Tarayyar Turai ta fi tsanantawa, domin wat 250 ta yarda da shi, sai mahayi yana taka feda injin zai tura shi, da ya kai 25 kuma ya ɗauke. Wanda ke kaiwa 45 ƙaramin babur ne a wurinsu, ana neman lamba da inshora. A Ingila ma sai yaro ya cika shekara 14 zai hau. Amurka ta sassauta, inda jihohi da yawa suka kasa shi gida uku: biyu suna tsayawa a wajen kilomita 32, na ukun yana kaiwa 45.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne buƙatar da ake kawo mini kusan kullum, wato in cire abin da ke riƙe gudun. Aikin ba shi da wuya, don a wasu kekunan waya ɗaya ce za a raba a jikin kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa injin, a wasu kuma saiti ne za a sauya. Sai dai birkin da tayar da ƙarfen jikin duk an auna su ne a kan 25. Idan gudu ya tashi daga 25 zuwa 45, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da keken ya ninka fiye da sau uku, ga kuma yashi a gefen titunanmu da yara masu tsallakawa ba tare da sun ji ƙarar komai ba. Batir ma yana saurin ƙarewa, injin ya yi zafi, balle a watan Afrilu da zafin Katsina ke kan ganiyarsa. A ganina, wanda ya raba wayar nan ya mayar da keke babur, kuma babur a ƙasar nan da lamba da lasisi ake hawansa.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da ɗansa da ke makarantar sakandare. Yaron ya ce, "Baba, a buɗe mini shi, na abokina ya fi nawa gudu." Na juya wajen uban na ce, "Alhaji, zan iya, amma ba zan yi ba," sannan na ɗauko wani wili da ya lanƙwashe na nuna masa, na bayyana masa yadda mai shi ya kasa tsayawa a kwana. Alhaji ya yi shiru, daga baya ya ce a ɗaure birkin sosai, a ƙara masa hular kwano a cikin lissafin.