Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ramukan Jipsam

Makon jiya mun tsaya a shekarar da gero ya ƙi. To ranin da ya biyo baya ne Baffa ya ɗora mini diga a kafaɗa, muka nufi dajin Nafaɗa haƙar jipsam.

Jipsam ba dutse ba ne da za ka fasa ka loda. Siraran jijiyoyi ne kwance cikin baƙar laka, wata ba ta kai kaurin tafin hannu ba, tana ƙyalli kamar fasasshen gilashi. Mu maza muna ƙasa, su Goggo suna bakin rami suna kankare laka, suna tarawa. Damina na faɗuwa ramuka su cika da ruwa, kowa ya koma gona.

Tun da Ashaka ta fara siminti a 1979 ake nemansa. Dutsen siminti suna da shi a gindinsu, amma sai an niƙa ɗan jipsam a ciki, wajen kashi 5 cikin 100, in ba haka ba kwaɓi ya daskare kafin magini ya ɗaga cokali. Har daga Fika ake kawowa. Kasuwa kam akwai. Mu ne dai ba mu gan ta ba, don tsakaninmu da ita akwai mijin Yaya Babba, shi ne dillali. Ya dubi tulinka ya ce akwai danshi, ya zaftare. Ya ce da sauran laka, ya sake zaftarewa. Baffa ba ya musu da suruki, sai dai ya kaɗe hula ya ce, "Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Bayan an ba mu jihar Gombe a 1996, na taɓa shiga gidan mutumin nan a Bajoga. Daga baya ma silin POP ya sa, wato jipsam ɗin ne dai aka gasa. Ruwan randa aka ba ni a zaure. Guga ke nan.

Amma na yi gaba da yawa. A wannan ranin ne rami ya rufta wa Baffa a ƙafa, muka tono shi da hannu. Muna gidan mai ɗori surukin ya zo dubiya, ya ce, "Sannu Baffa, Allah ya kiyaye gaba." Kuɗin tulinmu na makon bai kawo ba, har Baffa ya rasu bai tambaya ba. 'Ya'yan surukin suna karanta wannan, na sani. Su tambaye shi, yana nan da ransa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zancen aurena na fari.