Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun Jira

Makon jiya na tsaya a inda muka sauka Kano daga Indiya, inda aka kai ni asibiti, ƙarshen 2017. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ana cikin gaisawa Gwaggo Asabe ta zame mini ɗankwali a gaban jama'a, tana laluben kaina. "To ina wurin aikin?" Babu ɗinki, sai tabo huɗu ƙanana, biyu a goshi biyu a ƙeya, inda aka ɗaure ƙarfen da ya riƙe kaina. Ta tafa hannu ta ce, "Ashe filin Abban Ummi a banza ya tafi."

Har gobe maganar nan tana ci mini rai.

Da ta tsaya ta saurara, da na gaya mata abin da likita ya zana mana a takarda. Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe a ƙwaƙwalwata kamar zaren da kaza ta tattaka, kuma da su aka haife ni. Jini na kwarara da ƙarfi daga jijiyar da ke kawo shi zuwa mai mayar da shi, babu ƙananan hanyoyin da ke rage masa gudu. Wurin ya yi zurfi, wuƙa ba za ta kai ba sai da ɓarna, shi ya sa aka ƙona shi da hasken na'urar Gamma Knife. Hasken kuwa ba ya toshe jijiya nan take, sai shekara biyu zuwa uku, kuma kafin nan tana iya fashewa.

Haka na zauna, ciwon kai kaɗan sai in kama salati. Maganin farfaɗiya safe da dare, ga jiri, ga barci. Hannuna na hagu ya yi sanyi, ludayi ma faɗuwa yake. Inna, Allah Ya jiƙanta, ita ke matsa mini shi da man zafi tana cewa, "Hauwa, ciwo da gudu yake shiga, da rarrafe yake fita." Ita ba ta taɓa neman tabo ba. Ko ranar da na fara faɗuwa a tsakar gida ina amarya, da Gwaggo ta ce iska ce, ta sa aka ware mini kofi, Inna ce ta ɗauki kofin ta sha ruwa a gabansu.

Korona ta hana mu komawa a 2020. Sai a 2021 aka zura siririn bututu ta matsematsina, aka ɗauki hoton jijiyoyin. Likita ya juyo da allon, wurin fes. Abban Ummi ya yi sujada nan ƙasa. Ni kuwa Inna na tuna, da rarrafenta, wata bakwai ke nan da binne ta.

Hoton yana cikin akwatina. Sau biyu ina ɗaukar sa zuwa gidan Gwaggo, ina dawowa da shi ban buɗe ba. Abin da ya faru a zuwa na uku, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.