Yankari da yara uku: samun masauki ya fi ganin giwa wuya

Yaranmu sun gaji da leƙen dabbobi ta bayan waya a gidan zoo na Kano, shi ya sa tun bara suke damun babansu da zancen Yankari. Masu zuwa wurin sun ce mana a bari sai tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da tafkunan daji suke ƙafewa, dabbobi su taru a bakin kogin Gaji. Ni kuwa na ce ba da ni ba, ba zan kai goyo cikin zafin Afrilu ba, ga kuma makaranta. Sai muka tsayar da hutun Disamba.

Wanda bai taɓa fita da ƙananan yara ba, gani yake tafiya ita ce a zuba mai a tayar da mota. Na haɗa gidan sauro, filas biyu, ƙaramin rishon gas, garin kunu, dambun nama, cincin, maganin zazzaɓi, gishiri da sukari na gudawa, man kaɗanya saboda hunturu, rigunan sanyi, tabarma, har da fo ɗin auta. Baban yara ya tsaya ya dubi but ɗin mota ya ce, "Wai ƙaura za mu yi ne?" Ban tanka masa ba. A cikin kayan nan babu abin da ya dawo ba a taɓa shi ba, in ban da maganin zazzaɓi, alhamdu lillahi.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya: Wudil, Birnin Kudu, sannan duwatsun Ningi. Ba abin da zan faɗa game da hanyar sai wani mai kaki da ya tare mu a wani shinge. Ya karɓi takardu ya juya su ciki da bai, bai ga aibu ba. Ya ce a nuna masa abin kashe gobara, aka nuna. Ya ce a sauke kayan but gaba ɗaya. Auta tana ta tsala kuka, rana ta fara ɗagawa. Na leƙo na ce, "Yallaɓai, ka dubi yarinyar nan mana." Ko kallona bai yi ba, ya ce wa baban yara, "Malam, ka gaya wa madam ba da ita nake magana ba." Sai da wani dattijo a cikinsu ya taso daga inuwa, ya leƙa motar, ya ga yara, ya ce, "Haba, ba ka ga iyali ba ne? Alhaji, ku tafi, Allah ya kiyaye hanya." Allah ya saka wa wannan bawan Allah. Shi kuma na farkon, na bar shi da halinsa.

A Bauchi ne aka yi ta. Tun daga gida baban yara ya kama ɗaki a wani otal da ya ga hotunansa a waya: gado fari tas, labule har ƙasa, fitilu kamar ana biki. Da muka isa, hoton gaskiya ne, sai dai ɗakin na mutum ɗaya ne da jakarsa. Gadon ya cinye wurin, ko inda za a shimfiɗa sallaya sai an ture kujera. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ƙirga mu da ido ta ce ƙa'idarsu mutum biyu ne a ɗaki, sai dai mu kama biyu. Na ce to, a ba mu masu maƙwabtaka. Ta ce ɗaya a ƙasa, ɗaya a hawa na biyu. Yaro ɗan shekara takwas da ƙanwarsa 'yar biyar, wai su kwana su kaɗai a wani bene! Na roƙi ƙarin katifa, ta ce ba sa bayarwa. Ina cikin wannan sai na ji ana gwada lasifika a farfajiya, ashe da dare wurin ya zama na kiɗa da shaye-shaye. Muka nemi a mayar mana da kuɗinmu, aka ce sai manaja ya zo. Rabi muka samu, shi ma da ƙyar.

Abin da na lura da shi, kuma Kano ma ba ta tsira ba, yawancin otal-otal ɗinmu an gina su ne don namijin da ya zo taro ko kwangila, ya kwana ya wuce. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin mace mai goyo da za ta buƙaci ruwan zafi da tsakar dare, ko inda za ta shanya wanki, ko ƙofar banɗakin da yaro ba zai kulle kansa a ciki ba. An kashe kuɗi a tayil da talabijin ta bango, an manta da bokiti.

Wani mai shayi ne ya fitar da mu. Da ya ji baban yara yana waya cikin ɓacin rai, ya ce akwai wata Hajiya a bayan layinsu da ta mayar da sashen gidanta masaukin baƙi bayan ta yi ritaya daga koyarwa. Ɗakuna biyu da falo, ɗan kicin, tsakar gida mai bishiyar mangwaro, da tankin ruwa cike. Babu ƙawa ko kaɗan, labulen ma ya koɗe, amma zanin gadon ƙanshin sabulu da rana yake yi. Kafin mu yi maganar kuɗi ta riga ta karɓi auta ta saɓa a kafaɗa. Ta faɗi farashi, na ce, "Hajiya, a duba mana dai, an riga an cinye mana rabi a wani wuri." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, ku Kanawa ko a makabarta sai kun nemi ragi." Ta rage kuwa. Duka sashen bai kai kuɗin ɗakuna biyun can ba. Ta gaya mana tun farko cewa in an ɗauke wuta janareto zuwa sha ɗaya ne kawai, kuma da hunturu ba mu damu ba. Ni wannan faɗin gaskiyar ya fi mini komai.

Da safe ta aika aka sayo mana masa. Mu a Kano waina muke cewa, kuma na tashi ina ganin babu wanda ya kai mu, to gaskiya ɗaya ce, Bauchi sun fi mu. Tasu faffaɗa ce, cikinta laushi kamar auduga, bakinta a soye, ga miyar taushe da tantaƙwashi. Yarinyata da ba ta cin komai sai an yi yaƙi ta cinye uku ta miƙo kwano.

Kafin mu bar gari muka biya kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu, haske yana ƙaruwa a hankali har a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe, ba wani ado. Na ce wa babban, "Wannan ne na jikin naira biyar." Ya ce, "Umma, wace ce naira biyar?" Nan na san inda tsadar rayuwa ta kai mu.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake bi, a Dindima a karya dama zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar shiga take, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Mutane da yawa suna zaton in an kai ƙofa an iso. Ina! Akwai sauran kimanin kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki, babu kanti, babu gidan mai, kuma ba wurin da za a tsaya yaro ya sauka ya yi fitsari hankali kwance ba ne. Duk mai zuwa ya cika tanki tun daga Bauchi, ya sayi ruwan roba da burodi da 'ya'yan itace a can, ya kuma sa yara su kewaya a bakin ƙofa. Dajin ba ƙarami ba ne, murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Mai yi mana jagora ya zayyano wannan duka a ka, kamar mai karanta fatiha.

A Wikki ɗakunan ɗaiɗai suke a warwatse cikin bishiyoyi, akwai masu araha akwai na manya. Wannan karon ni na riƙe waya tun muna gidan Hajiya, na yi tambayoyin da ya kamata a yi wa kowane masauki kafin a tura ko kwabo: gado nawa ne, za a ƙara katifa, ƙarfe nawa ake kawo wuta, ruwa fa, akwai raga a taga, nisan ɗakin da wurin cin abinci. Disamba lokacin cika ne, 'yan makaranta da masu hutun Kirsimeti sun yi dafifi, wanda ya zo ba shiri yana iya rasa wurin kwana.

Masu gidan na gaskiya kuwa gwaggon biri ne. Tun a bakin ƙofa aka gargaɗe mu: a kulle ɗaki da makulli ko da ana ciki, kada a bar gilashin mota a buɗe, kada yaro ya riƙe abinci a waje. Mun ji, amma ji daban gani daban. Ina sauke kaya, ledar burodi tana kan but, sai ga wani ƙato ya taho a natse, ko sauri ba ya yi. Ya dube ni ido cikin ido, ya ɗauki ledar, ya koma gindin bishiya ya zauna, ya kwance ƙullin da yatsunsa ya fara ci. Ta tsakiyar ta ƙwalla ƙara ta maƙale a zanina, babban kuma dariya har da faɗuwa. Wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, kin ci sa'a ba jakar hannu ba ce." Sun san leda, sun san kula, kuma sun raina mata da yara fiye da maza, wannan na gani da idona. Gadu kuma suna yawo tsakanin ɗakuna, su durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna kiwo, ba ruwansu da kowa. Auta ta yi ta miƙa hannu tana kiran su tumaki.

Ruwan Wikki shi ne abin da ya biya kuɗin tafiyar. Ana sauka ta matakala mai tsawo, a riƙe hannun yara sosai. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau, kana ganin farin yashi da yatsun ƙafarka a ƙasa, kuma ɗuminsa ba ya canzawa rani da damina, digiri 31. Wajen dutsen yana da zurfi, ya shanye babban mutum, amma can ƙasa yana yin faɗi ya zama iya gwiwa, nan na zaunar da yara. Na so in shiga, amma da rana wurin cike yake da samari da waƙe-waƙe a waya, ba wurin matar aure ba ne. Wata baiwar Allah daga Gombe ta ba ni dabara: a zo bayan asuba. Haka muka yi. Sanyin hunturu yana kaɗa haƙora, tururi yana tashi a kan ruwa, babu kowa sai mu mata da 'ya'yanmu, na shiga da doguwar riga da hula. Fitar da yaran daga ciki sai da aka haɗa da alkawarin alawa. Da ma a ce an ware wa mata sa'a ɗaya ko biyu a rana, da iyalai da yawa sun ƙaru.

Zagayen daji a buɗaɗɗiyar mota ake yi tare da jagora, safe da yamma. Mun zaɓi na safe, muka naɗe yara da rigunan sanyi masu dogon hannu, wanda ya yi amfani don akwai ƙudan tsando, cizonsa kuwa ba wasa. Mun ga gwambaza, mazo, kada yana shan hantsi, da tsuntsaye iri-iri. Giwa fa? Kashinta muka gani, sabo, da sawunta, da rassan da ta kakkarya. Jagoran ya ce garken na nan, yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma ba ta da alkawari da kowa. Babban ya kumbura. Sa'a biyu a mota mai girgiza ta yi wa 'yar shekara biyar yawa, ta yi barci tun a rabi. Mai goyo ƙarami, shawarata ta bar wa uban zagayen ta zauna. Ɗan gidan tarihin da ke sansanin, mai haure da fatu da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta, ya ɗan rage wa yaron haushi.

A dawowa muka ratse wani ƙauye kusa da dajin, gidan wani abokin baban yara tun na makarantar kwana. Gaisuwa kawai muka yi niyya. Kafin mu gama shan ruwa an kama zakara, maigidan ya kwashe kayansa daga turakarsa ya ce nan za mu kwana, ba ya son jin wata magana. Uwargidansa ta ɗora ruwan wankan yara ba tare da na roƙa ba, ta kawo fura da nonon da aka tatsa a ranar, wanda ya sa na ji kunyar abin da muke saya a Kano da sunan nono. Su giwar da muka biya kuɗi muna nema, kuka suke da ita, don takan fito ta shiga gona ta tashi aikin shekara a dare ɗaya. Yaran suka bi 'yan gidan kora awaki har magariba, suka dawo furu-furu. Da baban yara ya zaro kuɗi zai ba yaran gidan, sai da aka kusa ɓatawa. Buhun gyaɗa da kaji biyu aka cusa mana a but.

Kogwannin dutse na Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey da ke cikin dajin ba mu je ba, yara sun gaji. Sumu ma, inda aka ajiye raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, wucewa muka yi, kowa na barci. Mun sha mai a Ningi, muka yi la'asar a Birnin Kudu, kaji suna ta kuka a baya. Lambar Hajiya tana wayata, kuma tuni na tura wa ƙanwata, don su a hutun Afrilu suke son zuwa.